Wankan Inna Rahila

Inna Rahila ta cika da hantsi, kanta a kan cinyar autarta Halima, bakinta na motsi da waƙar coci. Kafin azahar ɗanta na fari, Alhaji Hashim, ya musuluntar da ita a zaure.

Halima na tsaye a bayan ƙofar zaure ta ji shi yana faɗa wa liman da maƙwabta, har da rawar murya: "Alhamdu lillahi, Inna ta yi kalmar shahada kafin ta cika. A kunnena ta yi." Maza suka ɗauki kabbara. Wai a kunnensa! Mutumin da yana Kantin Kwari yana cinikin shadda aka buga masa waya. Zuciyar Halima ta tafasa, ta ji kamar ta faɗa cikin mazan ta shaƙe shi.

Duk Gwammaja wa bai san Rahila ba? Tana budurwa marigayi Malam Isiyaku baduku ya auro ta daga ƙauyen Tudun Wada, da addininta da Littafinta, bai kuma taɓa takura mata ba. Ta haifa masa 'ya'ya Musulmi, ta kora su makarantar allo da tsumagiya. Ita ke tashin gidan sahur, ita ke dama kunun buɗa-baki, ba ta taɓa kai loma baki a gaban mai azumi ba. Amma ran Lahadi ko ana ruwan ƙanƙara sai ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta fita ta Ƙofar Mazugal ta nufi Sabon Gari. Da ƙafa ta gaza ta koma hawan Adaidaita Sahu, jikarta Shamsiyya na riƙe mata jaka zuwa bakin titi. Motar Alhaji kuwa, wadda ta kai surukarsa har Maiduguri biki, ba ta taɓa sanin hanyar cocin uwarsa ba. Wai kada 'yan kasuwa su gani.

Alhaji ya shigo cikin gida ɗauke da likkafani. Halima ta tare shi.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Yaushe ka ji?"

"Ke, rufe min baki! Gata nake mata. So kike mu rasa bakin yi wa uwarmu addu'a? So kike a jibge mana gawa a coci, gari ya yi da mu?"

"Shekara tamanin da 'yan kai ba ta yi wa Allah ƙarya ba, sai yau da ba ta da baki za ka yi a madadinta?"

Ya dangwarar da likkafanin a kan turmi ya fice. An riga an aika masu haƙa kabari.

Can sai ga Nana Hauwa, tsohuwar da ke wa matan unguwa wankan gawa, da ƙwaryarta da ganyen magarya. Aminiyar Inna ce. Tare suka yi goyo, tare suka zubar da haƙora. Ta shiga ɗaki ta yaye zanen da aka rufa, ta daɗe tana kallon fuskar. Halima ta kawo ruwan ɗumi ta ajiye.

Nana Hauwa tana da al'ada, ba ta tsoma hannu a ruwa sai ta san wanda ya laƙanta wa mamaci shahada. Ta ɗago ta ce, "'Yar nan, wa ke kanta da ta cika?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kika laƙanta mata?"

Matar Alhaji na bakin ƙofa tana zare wa Halima ido. Gidan nan a hannun Yaya yake, abin da 'ya'yan Halima ke ci ma daga aljihunsa yake fitowa. Halima ta san duk wannan. Ta kalli zanen zumunta da Inna ta sa aka goge mata tun jiya, yana ninke a kan akwati.

"Ban laƙanta mata ba. Sunan Yesu ta kira, sannan ta yi waƙa, sannan ta yi shiru."

Tsohuwa ta gyaɗa kai. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta kife ƙwaryarta, ta dogara sanda har ƙofar zaure, ta ɗaga murya yadda na waje ma zai ji. "Malam Liman, ni Hauwa ban wanke ba, ba kuma zan wanke ba. Rahila a kan addininta ta tafi. A kira mutanenta su yi mata sutura."

Ba wanka, ba salla. Liman ya miƙe ya laluba takalminsa. "Alhaji, Allah ya ba ku haƙuri," ya ce, ya fita. Mutane suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Shamsiyya ce ta buga wa matan zumunta waya. Suka zo, suka shirya Inna cikin zanenta, suna waƙa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Shugabarsu ta ce motar coci ta tafi wata jana'izar a ƙauye, sai dai a nemi ta haya.

Halima ta zura hijabi ta fita zaure. Alhaji na zaune shi kaɗai a kan tabarma, hula a gwiwa, idonsa ja wur. Bai ba ta tausayi ba ko kaɗan.

"Haya kuma, ɗanta na da mota? Tashi, Yaya. Kwantar da kujerun baya."

Ya saka hularsa. Ya tashi.

Suka bi ta Ƙofar Mazugal a hankali, Halima a gaba, Inna a baya. Da suka shiga Sabon Gari ya rage gudu a wata mararraba, ya dubi dama ya dubi hagu.

"Ta ina ne?" ya tambaya.

Halima ta juyo ta dube shi, hawaye na zuba. "Tambayi Inna."