Cinyar da Ba Ta da Kofato

Ran Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki, gari ya waye da hadari ta gabas, ga zafi kamar an kifa wa Kano tukunya. Ɗahiru bai bi ta kan rediyo ba. Hankalinsa na kan cinyar barewar da ya sayo wurin wasu maharba a hanyar Falgore, matarsa Talatu tana farfesunta a gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi. Alhaji Rabi'u, sabon kansila a Tarauni, yana neman direba, mutum huɗu ke zawarcin aikin, har da Ɗahiru. An ce Alhaji ba ya wasa da naman daji.

Ɗahiru ya ɗanɗana sau uku. Daɗi kam akwai, sai dai maiƙon yana kama dasashi, ga wani ƙarni a ƙarshe.

Talatu ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa ganin barewa mai kitse haka ba."

"Ƙara masoro kawai."

Ya ƙagu naman ya nuna, ya leƙa soro, ya dawo, ya sake leƙawa.

Da azahar ya kai kwanon gidan Alhaji. Alhaji na zaune kan tabarma da masu taya murna. Ya kai loma, ya lumshe ido, ya tura wa limamin unguwa. Ɗahiru ya fara samun numfashi.

Sai Baba Shehu maigadi, tsohon maharbi, ya ɗauki yanka ɗaya ya sansana, ya matsa shi da yatsa.

"Kai, ina kofaton?"

"Wane kofato, Baba? Wadda aka gyara tas na zaɓa."

"Ɗan birni ke nan! Maharbin kirki yakan bar kofato a jikin nama don shaida. Wanda ya yanke shi, da abin da yake ɓoyewa. Barewar da ba ta da aiki sai gudu, ina ta ga kitse? Wannan gadu ne, aladen daji."

Liman ya tofar, yana salati. Alhaji ya ce a kawo buta, ya daɗe yana kurkure baki.

Liman ya ce, "Wanda bai sani ba, ba shi da laifi." Amma bai dubi Ɗahiru ba, Alhaji ma haka.

Cikin ruwan sama ya tako gida. Talatu ta ji labarin, ta fitar da tukunyar ta yar a bayan gidansu.

Abin da ya tafi ranar: cinya ɗaya, tukunya ɗaya, kwanon samira da bai iya komawa karɓa ba, da aikin direba.