Ajin Gindin Madaci

Tun da Lauratu ta dawo daga horon malamai a Garoua, zama ya gagare ta. An koya musu yadda za su mai da kurmin makaranta aji: yara su auna kaurin itace da igiya, su bi hanyar gara, su gane ganye da ƙanshinsa. Madam Clémentine, mai horar da su, ta ce bayan hutu za ta zaga ta gani da idonta, kuma makarantar da abin ya kama, can za a riƙa kai sauran malamai su koya. Lauratu ta ƙudura a ranta cewa tasu ce. To, me zai hana? Suna da manyan madatai a bayan aji, babu irinsu daga nan har Pitoa.

Ita kuwa ba ta iya yin abu a hankali ba. Kafin daraktan makarantar ya gama cewa a bari a duba, ta riga ta kwashe yara ta zaunar da su a gindin madaci. Yaran da ba sa buɗe baki a aji suka fara yi mata gardama a kan tsuntsaye. Daɗi ya cika ta har ba ta iya cin abinci a zaune.

Abin da ba ta lura da shi ba shi ne hanyar kasuwa. Ta gefen kurmin ta bi, duk mai wucewa yana ganin 'ya'yan unguwa a ƙasa. Mutanen nan da hannunsu suka buga bulo suka gina ajin, a shekarun da gwamnati ta zabge albashi ta daina gini, don kawai a daina ce wa makarantarsu lekol ta gindin bishiya. Sunan nan ya daɗe yana ci musu rai.

Wata rana Malum, shugaban iyayen yara, ya tare ta. Dattijo ne mai kara, ba ya shiga magana kai tsaye. Ya kira ta da Metires, yadda suke kiran malama a nan.

"Metires, ina gajiya? Na ga yara a waje. Cikin ajin dai lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ka san bencin sun yi kaɗan, a waje sun fi sakewa."

A tsaitsaye ta faɗa, idonta na kan wata yarinya da ke hawa reshe. Ta bar dogon bayani sai wani jiƙon. Malum ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifinmu ne. Za a gyara, in Allah ya yarda."

Da aka yi hutu ta koma Garoua ƙarashen horo. Can ma ba ta bar kowa ya huta ba, madatanmu kaza, madatanmu kaza, har abokan horo suka laƙaba mata Uwar Madaci. Ranar komawa, a motar Madam, ta riƙa leƙe ta taga kamar ita za ta tura motar.

Tun daga kwana ta ji wani abu ba daidai ba. Hasken ya yi yawa. Bayan ajin fayau, sai kututture da tarin rassa da garin katako.

Iyaye na jere a bakin ƙofa cikin manyan riguna. Malum ya yi gaba, fuskarsa cike da fara'a, ya buɗe musu ajin. Sababbin benci ne reras, jajaye, ɗanyen itacen yana ta ƙanshi. Duk hutun nan suka yi suna sara, kafinta yana tsaga katako, babu wanda ya karɓi lada.

"Ga shi, Metires," in ji Malum. "Kin rufa mana asiri ba ki kai ƙararmu ba. Daga yau babu ɗanmu da zai sake zama a ƙasa."

Madam Clémentine ta matso ta tambaye ta a hankali da Faransanci ina kurmin yake. Lauratu ta juya wajen iyayen. Ga dattawa sun zuba mata ido, hannayensu duk sun yi kanta saboda sara, suna jira.

Ta rusuna ta ce, "Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Suka amsa da amin gaba ɗaya.