Tsaunin da na gina wa Yaya

Wata bakwai Yaya bai fita daga ɗakinsa ba, in ka cire ranakun asibiti. Tun da mota ta kaɗe shi ƙafafunsa suka daina aiki, bakinsa ma ya kusa bin su. Umma ta kai abinci, ta dawo da rabi. In na zauna bakin gadonsa sai ya juya fuska bango.

Shi ya koya min wasan. Duk Asabar muna haɗuwa a bayan shagon Tela, a kan dogon teburinsa na yankan yadi. Kowa da 'yan sojojinsa na roba, tsawon ɗan yatsa, da tef ɗin awo da ƙwayar ludo. Amma tebur ba ya zama filin yaƙi sai an ɗora masa tudu da kango da gada, don dokar wasan ta ce abin da sojanka bai gani ba, ba ya harbinsa. Sai ka sunkuya, ka sa idonka daidai kan ɗan sojan, ka leƙa. Yaya ne gwanin wannan. Ni aikina gini.

Na yi ta roƙonsa ya dawo. Ranar da ya gaji da ni ya ce zai je sau ɗaya, in na yi alkawarin ba zan ƙara tambaya ba. Na yi.

Sati uku na kwashe ina gina masa tsauni. Na samo farin soson da ake sako firij a ciki, na yanka shi hawa-hawa da reza, na shafe shi da gam da yashi, na yi masa fenti sau uku. Har da kogo, har da 'yar hanya mai zagayawa zuwa sama. Tsayinsa ya wuce kamu ɗaya. A tsaye na gina shi, a tsaye na riƙa dubawa, kamar yadda muka saba, don a tsaye muke wasan tun farko.

Ranar Asabar bayan la'asar na tura shi a kekensa na guragu har bayan shago. Tela ya ajiye almakashi, ya ce ga maigida ya dawo, kowa ya ɓoye sojojinsa. Dogo, wanda zai kara da shi, ya ce kada wanda ya sa ran tausayi a wajensa, shekara huɗu Yaya yana cinsa, yau ranar ramuwa ce. Yaya ya ɗan murmusa. Rabon da in ga haka har na manta.

Sai na matsar da keken bakin tebur.

Da ƙyar haɓarsa ta wuce katakon. Tsaunin ya tare masa komai. Ba ya ganin sojojin Dogo, ba ya ganin gada. Ya miƙa hannu da tef zai auna, hannun ya tsaya a gindin tsaunin. Ya dafa keke yana neman ɗago jikinsa, gwiwar hannunsa ta share sojojinsa uku suka zubo ƙasa. Dogo ya tsince su, ya ce ba komai, shi zai riƙa matsar masa da su, ya dai faɗi inda yake so.

"Ban zo a yi min wasa ba," in ji Yaya. Ya dube ni. "Mai da ni gida."

Na san in ya shiga ɗakin nan yau, shi ke nan. Kuma na riga na yi alkawari.

Reza tana aljihuna. Na zaro ta na luma wa tsaunin a tsakiya. Tela ya ce kai yaro, aikin sati uku fa. Gam da yashi sun sa soson ya yi tauri, rezar ta karye. Na sure almakashin Tela, wanda ko matarsa ba ta taɓawa, na ci gaba da sara. Ɓurɓushi ya rufe tebur, ya rufe sojoji. Kogo ya tafi, hanya ta tafi. Ban san na yanke yatsa ba sai da na ga jini a kan soson. Sannan na durƙusa gefen keken, na sa kaina daidai da nasa, na duba. Har yanzu wani ɓangare yana tare gada. Na tashi na ƙara sara.

Abin da ya rage bai fi faɗin tafin hannu tsayi ba. Ga muni.

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Hannunsa yana kan tayar keke, ban san ko baya zai ja ba. Ni dai ina tsaye da almakashi, jini yana ɗiga a takalmina.

"Ka kashe wa Tela almakashi," ya ce. Ya saki tayar, ya ɗauki tef, ya auna daga sojansa na gaba zuwa gada. "Dogo, kai za ka fara ko ni?"

Dogo ya cinye shi, bai kuma raga masa ba. Na tura keken Yaya har muka kai ƙofar gida. Nan ya ce gadar ma ta yi nisa da bakin tebur, in matso da ita kafin Asabar.