Burul Apa a Bayan Labule

Tun ranar da Esenkul ya yanka tunkiya ya tara dattawan ƙauye, Burul apa, wato inna Burul, ba ta ƙara jin daɗin shayinta ba. Shi ne ɗan koren ɗan takarar da ake cewa Mosko na so, kuma munafukin bai fito fili ya yi barazana ba. Yana rabon naman kan tunkiyar ya ce ai na can suna da ido, sun san gidan da ya bi su da wanda ya juya musu baya, takardun zaman yaranmu kuwa a hannunsu suke. Ita ya kalla da ya faɗi haka. Ɗanta tilo, Nurgazy, leburan gini ne a Mosko, da guminsa ake ɗora tukunya a gidan.

Zuciyarta kuwa na wajen ɗaya 'yar takarar, likitar da ta sha ratso dusar ƙanƙara a kan doki ta zo duba mijinta har Allah ya karɓi abinsa.

Da marigayin na raye da ba ta shiga wannan uku ba, don shi ke tattara fasfo ɗin gidan ya je ya jefa wa kowa ƙuri'a. Zaɓen da ta sani na zamanin Sobiyet ne: a miƙo maka takarda mai suna ɗaya, ka ninke, ka jefa a gaban jama'a, ka wuce wajen kiɗa. Akwai rumfa mai labule a gefe, amma ba mai shigarta sai mai niyyar soke sunan, kuma duk wanda ya shiga an gan shi. Wannan tsoron bai taɓa barin ta ba.

Ranar zaɓe ta isa makarantar ƙauye, inda ake jefa ƙuri'a, ta riga ta haƙura. Likita ta yafe mata, ɗa ya fi. Ta karɓi takarda, ta shimfiɗa a kan tebur inda kowa zai shaida, ta nemi biro.

"Apa, ba a nan ba," in ji Ainura, malamar da ke raba takardu. "Cikin rumfa za ki shiga."

"Ni ba ni da abin ɓoyewa, 'yata."

"Ko babu, sai kin shiga. Kowa ma shiga yake."

Suka yi ta ja-in-ja har layi ya fara guna-guni. Ana cikin haka labule ya motsa, sai ga Esenkul da kansa ya fito yana gyara doguwar farar hularsa. Ainura ta kama gwiwar hannun tsohuwa ta tura ta ciki.

Ba komai a ciki sai katako da biro ɗaure da zare. Ta duba sama, ta leƙa ƙarƙashin katakon, ta shafa labulen ko da huda. Babu. Ta daɗe a tsaye, har wata ta tambaya daga waje ko barci ya ɗauke ta ne. Sannan ta sa wa likita alama, ta fito.

Kwanakin da suka biyo ba ta iya cin abinci ba. Likita ta yi rinjaye a ƙauyen, abin ya ƙara tayar mata da hankali. Nurgazy ya bugo waya, ƙorafinsa sanyi da rashin mutuncin shugaban leburori, ya kuma roƙi a aiko masa da busasshen cuku. Ta ce a ranta ba su kai ga sunansa ba ne tukuna.

Wata safiya ta hango Esenkul yana ɗaure doki a ƙofarta. Ta shimfiɗa masa, ta kawo burodi da shayi, tana jiran hukunci.

Ya zauna ya yi tagumi. Ya ce mutanen ƙauyen nan ba 'yan goyo ba ne, sun cinye masa tunkiya har ƙashi, kuma duk wanda ya tambaya sai ya dafa burodi ya rantse mutuminsu ya zaɓa. To aljanu ne suka zaɓi likita?

"Ke kaɗai na yarda da ke, apa. Da idona na ga kina kokawar yi a fili, yarinyar nan ta tura ki."

Burul apa ta dube shi da kyau. Ashe bai sani ba. Mutumin da ke tsaye a bakin labule bai sani ba, balle na Mosko. Wani sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa, ta ji yunwa ta taso mata a karon farko, dariya na neman ƙwace mata.

"Haka mutane suke, ɗana," ta ce, ta jawo farantin burodin gabanta. "Sha shayinka kada ya huce."