Littattafan da Ba Su da Hatimi

Littafin farko da aka jefo daga tagar bene ya bugi gefen tifa, ya dare gida biyu. Na biyu ya faɗa ciki daidai. Daga nan sai suka riƙa zubowa goma-goma. Leburori biyu a sama suna jefowa, uku a cikin tifa suna take kowane littafi da ƙafa su fizge bangonsa, domin kamfanin da zai niƙa takardun ya yi kwalin ƙwai da su ya ce ba ya karɓar bango.

Malamin tarihi yana tsaye a inuwa da fayil a hammata, yana duba agogo. Shi ne sakataren kwamitin malamai da ke kula da laburaren jami'ar, shi aka wakilta ya ga an yi aikin. Safiyar Asabar aka zaɓa, wai don kada ɗalibai su ga abin da zai tayar musu da hankali. Manyan masana bakwai ne suka zauna suka tsayar da ranar, amma ko ɗaya a cikinsu bai tuna saura kwana tara a fara jarrabawa ba.

Asalin maganar kuwa, shugaban kwamitin, wani farfesan injiniya da ba a ja da shi, shi ya so a share bene na biyu kakaf a zuba kwamfutoci. Malamin tarihi ya tsaya kai da fata ya ce ba za a yi wa littattafai kuɗin goro ba. Ya kawo ƙa'ida: a buɗe bayan kowane littafi a duba 'yar takardar da ake buga wa hatimi idan an ba da aro. Duk wanda ya shekara goma sha biyar ba a buga masa hatimi ba, to ba mai buƙatarsa, a fitar da shi. Aka tafa masa. Ranar ya koma gida ya faɗa wa matarsa ya ceci rabin laburare.

Shugabar laburaren tana halartar taron, a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, amma ba ta da ƙuri'a. Ɗalibai na kiran ta Mama Shiru, saboda kalmar da ta fi yawan faɗa musu ke nan. Shekararta talatin da huɗu a ginin, saura mata wata takwas ta yi ritaya. Ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, akwai ɗakin Ba-fita a bene na biyu. Littattafan da ke cikinsa ba a ba da aronsu, a nan ake karantawa a mayar. Babu hatimi ko ɗaya a jikinsu, kuma su ne ɗalibai suka fi..."

"Za mu zo kan wannan," in ji Farfesa.

Ba a zo ba. Taro uku tana ɗaga hannu tana maimaita maganar nan, taro uku ana ce mata za a zo. A al'adar kwamitin, maganar wanda ba shi da ƙuri'a ba ta shiga rahoton taro, saboda haka malamin tarihi bai rubuta ba. Gaskiya ma bai saurara sosai ba. Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a jami'ar, bai taɓa hawa bene na biyu ba. Malami ai ba ya zama a laburare, aike yake yi a kai masa littafi ofis.

Wani littafi ya kuɓuce wa masu jifa ya faɗo kusa da takalminsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Gefen shafukan ya yi baƙi ƙirin da dattin yatsu, takardar ta yi laushi kamar tsohon zane, an liƙe gindinsa da salatif ya fi sau biyar. Shi ne littafin da yake tilasta wa ɗalibansa ɗari huɗu su karanta kowace shekara, kuma ya san kwafin nan shi kaɗai ne a duk jami'ar. Ya buɗe bayansa. 'Yar takardar fara tas.

Da gudu ya hau benen. A ƙarshen baranda ya tarar da ƙofa a wangale, kwaɗonta a ɓalle yana lilo. Mama Shiru na bakin ƙofar, ɗankwalinta ya zame, hannu ɗaya riƙe da tarin makullai, ɗayan kuma tana kokawar ƙwace buhu daga hannun wani lebura.

"Yaya, wa ya buɗe nan?" Haka yake kiran ta don girmamawa, ba don dangantaka ba.

"Na hana su makulli. Suka kira Farfesa a waya, ya ce su ɓalle." Tana haki. "Ƙa'idarka ce, ƙanena. Babu hatimi."

Ya juya ga shugaban leburorin. "Ku dakata. Ku sauke hannunku tukuna."

"Malam, mu fa cewa aka yi mu buɗe baya, in babu hatimi mu jefa. Nan kuwa duk babu, sai aikin ya zo mana da sauƙi. Mun ma kusa gamawa."

Ya leƙa ɗakin. Kantoci takwas, shida sun zama wayam.

A lokacin ne ihu ya taso daga ƙasa. Ɗaliban da suka yi sammakon karatu sun ga abin da ke cikin tifa, sun kira 'yan'uwansu, kan ka ce me wuri ya cika maƙil. Dutsen farko ya tarwatsa gilashin motar. Suka finciko direba ta taga, suka kwantar da shi a kan kwalta suna tattaka shi. Leburorin da ke cikin tifa suka yi ƙoƙarin dirowa. Ɗaya ya sha, biyu aka tare su da katakon benci. Malamin tarihi yana kallo ta taga aka sauke wa ɗayansu katako a ƙeya, ya kifa a kan yagaggun takardu, jini na bin wuyansa. Wata ɗaliba ta durƙusa a gefen motar tana tattara shafuka tana kuka, ana tsallake ta.

Sai benen ya ɗauki rugugin ƙafafu.

Sun fi hamsin, kuma rabinsu ya san fuskokinsu. Wani dogo mai jar riga ya shaƙe shugaban leburorin ya haɗa kansa da bango, sau ɗaya, sau biyu, har leɓensa ya fashe.

"Uban wa ya sa ku?"

Mutumin ya ga mutuwa da idonsa. Ya ɗaga hannu ya nuna bakin ƙofa. "Ku tambayi mai makulli."

Duk suka juya. Ga ta nan tsaye, ga ƙofa a buɗe, ga makullai a hannunta. Ba wanda ya dubi kwaɗon da aka ɓalle.

"Sayarwa ta yi," in ji wata murya daga baya. "Za ta yi ritaya, tana haɗa guzuri."

"'Ya'yana, ku tsaya ku ji," ta ce, ta ɗaga hannun da ke riƙe da makullan.

Mari ne ya fara sauka. Tabaraunta ya yi tsalle ya faɗi, wani ya take shi. Aka fizge makullan da ƙarfin da ya juya mata yatsu baya, aka ji ƙas. Ta durƙushe. Wani ya ɗauko kujerar ƙarfe.

Malamin tarihi yana nan, taku uku tsakaninsu, fayil ɗin da ke ɗauke da sa hannunsa a hammata. Tsoro ya kama shi. Ya ga an ɗaga kujerar, ya ga an sauke ta, ya ga an sake ɗagawa an sauke. Sai a karo na uku murya ta zo masa.

"Ni ne! Ni na kawo ƙa'idar, ita hanawa ta yi! Ku bar ta!"

Ya kutsa cikinsu ya riƙe ƙafar kujerar. Dogon nan mai jar riga, wanda yake zama a layin gaba a ajinsa, ya kama shi da ladabi.

"Malam, kauce kada a ji maka ciwo."

"Na ce ni ne. Ga takardar nan, ku karanta."

"Mun san halinka, Malam. Kada ka ɗauki laifin wani."

Ƙarti biyu suka ɗaga shi cak, yana zillo yana zagi, fayil ya watse a ƙasa aka bi ta kansa. Suka sauko da shi, suka tura shi ɗakin injin kwafi, suka ja ƙofa suka sa sakata ta waje. Ɗaya har yana ba shi haƙuri ta kafar ƙofa. Daga ciki yana jin komai: ihu, ƙarar ƙarfe, sannan wani abu mai nauyi yana gangarowa daga matakala, mataki bayan mataki, har ya tsaya daf da ƙofar da yake dukan ta da hannu biyu. Masu gadi ba su iso ba sai bayan minti ashirin, da kulake da barkonon tsohuwa, suka huce a kan duk wanda suka samu.

A asibiti ƙanwar shugabar laburaren ya tarar a bakin gado. An ɗaure wa Mama Shiru muƙamuƙi da waya, hannun dama a cikin filasta har gwiwa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Likita ya ce za ta tashi, amma za ta yi wata biyu ba ta magana.

"Kai ne abokin aikin nata?" in ji ƙanwar. "An ce mana za a bincika. Don Allah ka faɗa musu Yaya ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba."

"Zan faɗa," ya ce. Bai iya duban idon da ke buɗe ba.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna. Aka yi jimami na minti ɗaya, aka sha ruwa. Farfesa ya ce hukumar jami'a na son sanin wanda ya yi sakaci kafin Juma'a, kuma a ganinsa maganar a fili take. Kwamiti ya kafa ƙa'ida da kyakkyawar niyya. Aikin shugabar laburare ne, a matsayinta na ƙwararriya, ta ankarar da malamai cewa akwai littattafan da ba a buga wa hatimi. Ya ba da shawarar a sallame ta daga aiki.

"Ta ankarar," in ji malamin tarihi. "Sau uku, a ɗakin nan. Dukanmu muna zaune. Kuma kai ka ce a ɓalle kwaɗon, ranka ya daɗe."

Wani ya yi gyaran murya. Wata ta shiga duba wayarta.

"Sakatare, ba abin da kake tunawa na tambaye ka ba," in ji Farfesa, a hankali, ba faɗa. "Hukuma takarda take karantawa. Buɗe rahoton taro ukun nan ka karanto mana inda ta faɗa."

Ya buɗe. Ya san abin da zai gani, amma ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Rubutunsa ne, tsaf, ba kuskure ko ɗaya.

"Babu."

"To, masu goyon baya."

Hannu shida suka tashi. Ya danne nasa a kan tebur.

"A rubuta ban yarda ba," ya ce. "A rubuta dalilina."

"Haba Sakatare, yau ka fara? Idan an yi rinjaye, cewa muke yi kwamiti ya amince. Ba ma raba kan malamai a takarda." Farfesa ya duba agogo. "Rubuta mu wuce, akwai maganar inda za a ja wayar kwamfutocin."

Suka zuba masa ido su shida, suna jira cikin haƙuri. Ya jawo littafin rahoton gabansa, ya cire murfin biro.