Cukun Ranar Lahadi

Babban yatsan baƙon ya lume cikin cukun har gaɓa. Ɓawon ya tsage, ruwansa ya gangaro kan takardar naɗi.

Solène ta tsaya cak da wuƙa a hannu. Shekara goma sha ɗaya tana sayar da cuku a wannan kasuwa ta birnin Rouen a Faransa, inda kowa ya san mai saye ba ya taɓa kaya. Tambayarsa ake yi, na yau ko na Lahadi, mai rumfa ta latsa ta zaɓa masa.

"Gaëtan," ta ce da jagoran baƙin 'yan yawon buɗe ido, wanda suka yi firamare tare, "wa ya ce su taɓa?"

"Haba mutuniyar, na ce musu haka 'yan gari ke yi. Hoto kawai suke so."

"'Yan gari? Ka taɓa ganin mamarka ta latsa cuku a rumfar mutane? Kora garkenka ka ba ni wuri."

Baƙon yana ta ba da haƙuri da yarensu, yana lasar yatsa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Mako uku ta yi tana juya cukun nan a ɗakin sanyi, tana shinshinawa, don ya nuna daidai gobe Lahadi. Tsohon maƙwabcinsu Baba Anselme ne ya roƙe ta. 'Yarsa, wadda ta shekara shida ba ta leƙo shi ba, za ta zo cin abincin rana, ta koma a jirgin ƙasa na yamma.

Sai ga Baba Anselme yana ratso baƙin da kwandonsa, ya sha sabon aski. Ya dubi ramin yatsan, ya dubi Solène.

Ta bi sauran cukun ɗaya bayan ɗaya tana latsawa. Duk suna da tauri.

"Wanda ya fi kusa sai Laraba, Baba. In ka yanka gobe, alli za ku ci."

"Laraba," ya maimaita.

"Wallahi ji nake kamar in bi baƙon nan in..."

"Naɗe mini na Larabar, 'yata."

Ta naɗe, ta ja zaren har ya tsinke, ta sake ɗaurewa. Tsohon ya sa shi a kwando a hankali, ya rufe da ƙyalle.

"'Yar tawa ta san a gidanmu ba a yanka ɗanyen cuku," ya ce. "Zan faɗa mata sai Laraba. Kin ga sai in ji abin da za ta ce, ko za ta tsaya."