Batirin Kaset ɗin Mama

Yayana Noboru ya taso daga Sendai da takardar gidan kula da tsofaffi a jakarsa, kuma babbar hujjarsa a kan mahaifiyarmu wasan gem ne. Wai sau uku ya zo gidanta a Hirosaki cikin wata biyu, sau ukun nan yana tarar da ita zaune a teburin ɗumama ƙafa, riƙe da 'yar na'urar gem ta hannu, tana ƙauyen farko na wasan, inda ake saka wa jarumi suna. A cewarsa ta manta ta taɓa farawa. Ya haɗa da tukunyar da ta ƙona a kaka, ya ce an riƙe mata ɗaki a gidan har ƙarshen wata, sa hannuna kawai ake jira.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Noboru mutum ne mai son ya gama abu ya kama jirgin yamma, tun muna yara haka yake. Ita kuwa Mama, Tokiko, shekararta saba'in da shida, ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar Baba, kuma ita ke share dusar ƙanƙarar ƙofarta da hannunta. Na ce masa ba zan sa hannu ba sai na gani da idona.

Na'urar ma ai tasa ce. Ya bar ta a aljihun tebur lokacin da ya tafi jami'a, Mama ta tsince ta tana goge-goge, shekara talatin ke nan. Irin wasan nan ne na tafiya mai tsawo: yaro ya bar ƙauyensu, ya sami abokan tafiya, su yi ta yaƙi da dodanni gari bayan gari. Gama shi yakan ci mata sa'a arba'in, kuma kowane hunturu sai ta gama shi sau ɗaya. Noboru ya taɓa sayo mata sabuwar na'ura mai kala, ta yi kwana biyu da ita ta mayar cikin kwali. Ta ce mutanen ciki surutu ya yi musu yawa, ba sa barin mutum ya yi tafiyarsa. Tsohon wasan kuwa ta san shi ciki da bai, wani hunturun ta tafi da masu takobi zalla, wani ta tafi da masu magani don ta ga ko za su kai.

Ranar Asabar na je na zauna kusa da ita ina ɓare lemo. Ta kunna, ta saka suna, ta yi ta tafiya. Kafin azahar ta kai gari na biyu, ta ajiye wasan don na'urar ta riƙe inda ta tsaya, ta kashe, muka ci shinkafa da gasasshen kifi. Da muka gama ta sake kunnawa, sai ga ƙauyen farko, ana tambayar suna. Gabana ya faɗi. Ita ko a jikinta.

"Mama, ina inda kika tsaya ɗazu?"

"Ya ɓace. Tun kaka yake haka, kaset ɗin wasan ba ya riƙe komai."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ta san mu, da ta buɗe baki za mu ce ya tsufa mu jefar, mu sayo mata mai surutun nan.

A ranar na kai kaset ɗin wurin tsoho Hanaoka mai gyaran rediyo a bayan tashar jirgi. Bai ma bari na gama bayani ba. Ya kwance shi, ya nuna mini wani ɗan batir kamar maɓallin riga a maƙale a ciki, ya ce shi ke riƙe ajiyar wasa, kuma wannan ya yi ƙoƙari da ya kai shekara talatin. Ya narka dalma ya sa sabo, minti goma bai cika ba. Tun a bakin shagon na kira Noboru, ban kuwa rage masa komai ba. Na ce abin da ya rasa ƙwaƙwalwa yana hannuna, kuma an gyara shi.

Noboru ya ce to a ba ta mako ɗaya. In ranar Lahadi ta sama muka zo muka tarar ta yi nisa, zai yaga takardar a gabana. In kuwa tana ƙauyen farko, in sa hannu ba gardama. Na yarda nan take, don ban ga ta inda zan faɗi ba.

Lahadi da safe muka shiga tare. Tana teburin, tabarau a kan hanci. Noboru ya leƙa ta kafaɗarta, ya ɗago ya dube ni. Na leƙa ni ma. Ƙauyen farko ne. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini kamar ranar ba.

Mama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta kashe na'urar ta sake kunnawa, ta danna wurin ci gaba, ta miƙa wa Noboru. Jarumin na tsaye a ƙofar fadar ƙarshe da abokansa uku, agogon wasan na nuna sa'a talatin da ɗaya. Ta ce in dai ba ta ajiye sabon ba, tsohon yana nan ba abin da ke taɓa shi, shi da ya yi wasan yana yaro ya kamata ya sani.

Na juya zan fara yi wa Noboru tsiya, ta ɗaga mini hannu.

"Ke ma Chizuru yi shiru. Kun sa mini jarrabawa a bayan idona kamar rediyon Hanaoka. Kuna tsammani ban ga takardar ba? Kuma tukunya biyu na ƙona, ba ɗaya ba."

Noboru ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, to me ya mayar da ita farko. Ta ce a bayan ƙauyen akwai wani kogo mai duhu, sau goma sha tara ake shan kwana, dama ko hagu, daga bakinsa zuwa mafita, kuskure ɗaya ya mayar da mutum baya. Watannin da kaset ya lalace dole kullum ta bi ta cikinsa, har ta lura ya zame mata ma'auni. Don haka ko da aka gyara ba ta daina ba. Kowace safiya, kafin ta kunna murhu, sai ta fara sabon wasa ta ratsa kogon da ka, sannan ta koma kan tafiyarta.

"Ranar da na shiga na kasa fita, ni da kaina zan kira ka, Noboru. Ba sai ka zo leƙen kafaɗata ba."

"Mama, kin taɓa kasawa?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta daɗe tana gogewa.

"Ran Laraba na tsaya a kwana ta sha ɗaya. Ban san dama ba ne ko hagu. Sai da shayin da na zuba daga filas ya huce sannan ya dawo mini."

Noboru bai yaga takardar ba, ni ma ban ce ya yaga ba. Ya ninke ta ya mayar cikin jaka, ya ce zai kira gidan tsofaffin ya ce a ba wani ɗakin. Mama ta karɓi na'urarta daga hannunsa ta fara sabon wasa, ta ce mu ɗan yi mata shiru, yau ba ta riga ta bi kogon ba. Muka zauna gefe da gefe muna kallon yatsunta, ina ƙirga kwana-kwanar kogon a zuciyata, na kuma ga leɓen Noboru yana motsi.